Garin Maganin da Na Yi wa Ƙazafi

Litinin, 3 ga Maris

A yau, bisa ikon Allah da sa hannun shugaban ma'aikata, an ɗaukaka darajata daga sashen liƙa takarda a kwalabe da kwalaye zuwa ɗakin awo. Tarihi ya shaida. Aikina shi ne auna farin garin da ake buga ƙwayar maganin mafitsara da shi, wato maganin bayin Allah waɗanda fitsari ke yi wa dirar mikiya ba tare da sallama ba.

Shugabar ɗakin, wadda ake kira Anti Ƙa'ida a bayan idonta, ta tsayar da ni minti arba'in tana karanta mini takardar gargaɗi: ba a shaƙa, ba a taɓawa da tsirarar hannu, ba a kai shi ido, ba a cin ko alewa a ɗakin. Ta sa mini farar riga mai haɗe da hula, da takunkumi, da tabarau, da safar hannu biyu-biyu. Na dubi madubi na ga ɗan sama jannati. Ita ta ce buhun auduga ta gani.

Alhamis, 6 ga Maris

Wajen cin abinci na gabatar wa iyalin gidanmu jawabi mai taken haɗarin da nake kwana da tashi a cikinsa. A jikin gangar da ake zuba garin, alamar motsin rai ce kawai a cikin jan zane. A bakina ta zama ƙoƙon kan mamaci da ƙasusuwa biyu. Na ce garin guba ne tsagwaronsa, yana ƙafar da yawu, ya dusashe gani, ya ruɗa ƙwaƙwalwa, kuma duk wannan sadaukarwa ina yin ta ne domin tsofaffin da famfonsu ya kwance. Ƙanwata Auta ta ƙware don dariya. Umma ta ce in ji tsoron Allah, ana cin abinci.

Baba, tsohon malamin lissafi, wanda shi ya laƙaba mini Ƙamus tun ina firamare, bai yi dariya ba. Sunan garin kawai ya tambaya. Na ce oksibutinin, har da gyaran murya. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa. Manyan masu fasaha sun saba da rashin tafi.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba ya daina shan shayin safe. Juyin juya hali ke nan a gidan da aka gina a kan buta.

Juma'a, 14 ga Maris

Katin gayyatar Auta ya iso. Biyar ga Afrilu za a yaye su daga jami'a, kuma ita ce ta ɗaya a lissafi, abin da Baba ya shekara ashirin yana shukawa da alli a ƙofar ɗakin girki. Awa uku za a yi a zaune. Baba ya juya katin gaba da baya, ya ce shi ba zai samu zuwa ba, gwiwa. Wace gwiwa? Mutumin da ke hawa bene yana karanta jarida!

Auta ta miƙe. Ta ɗauke katin ta shige ɗaki. Na fi son ta yi masifa, wallahi.

Lahadi, 16 ga Maris

Abubuwan lura, domin amfanin masu bincike na gaba. Baba ya bar zuwa bencin shagon wanzami, inda suke warware matsalolin duniya shi da abokansa. Ya janye kujerarsa daga taga zuwa bakin lungun banɗaki, wai hasken can ya fi. Babu taga a can. Umma ta ce yanzu da kansa yake wanke wandunansa, wai tana cika musu bula.

Na yanke hukunci cewa tsufa ne, na kuma sanar da shi hakan cikin kalmomi masu nauyi. Ya ce Allah ya kai ni.

Talata, 18 ga Maris

Ranar faɗuwar gwarzo.

Abokin aikina Dogo yana juye gari a kan sikeli, sai wata magana mai daɗi ta zo mini, irin wadda takunkumi ke danne wa armashi. Na zame shi ƙasa, na ɗaga tabarau, na faɗe ta. Muka yi dariya har hawaye, na share da bayan safar hannu. Kafin in rufe baki Anti Ƙa'ida ta finciki wuyan rigata zuwa famfon wanke ido. Minti goma sha biyar cur, tana kallon agogo, ni ina kallon ƙarshen rayuwata. Ta rubuta rahoto, likitan ma'aikata ya duba ni, aka sallame ni da azahar. Baƙin idona na dama ya buɗe kamar na mage, rana tana soka ta, harshena ya koma tsumma.

A gida Umma ta hau salati. Baba kuwa ya tashi ya saki labule, ya kawo ruwa a ƙaramin kofi.

“Kada ka kwankwaɗa, Ƙamus. Kurɓa za ka riƙa yi. Kuma kada ka shiga rana, zufa ba za ta fito maka ba. Da safe ne harshe ya fi mannewa.”

Har na buɗe baki in yaba zurfin iliminsa. Sai na tuna ban taɓa faɗin maganar zufa a jawabina ba. Ni kaina yau na ji ta a bakin likita.

Laraba, 19 ga Maris

Baba ya aike ni in ɗauko cingam marar sukari a aljihun teburinsa, ya ce yana jawo yawu. Ƙarƙashin cingam ɗin akwai katin ƙwayoyi. Maganin mafitsara, na kamfaninmu. Wataƙila ma ni na liƙa takardar kwalinsa. A kan kowace ƙwaya ya rubuta kwanan wata da rubutunsa na allo, ƙanana, a jere. Gurbin ƙarshe da aka ɓalle shi ne shida ga Maris. Daga bakwai zuwa ƙasa duk suna nan.

Tsofaffin da famfonsu ya kwance. A gabansa na faɗa, yana riƙe da cokali.

Na kai masa cingam. Ban iya kallonsa ba, na ɗora wa idon laifi.

Alhamis, 20 ga Maris

Babu jawabi yau.

Juma'a, 21 ga Maris

Na koma aiki. Na tambayi Anti Ƙa'ida game da mahaifin wani maƙwabcinmu da ya bar shan maganinsa saboda wani wawa ya ce masa guba ne. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta ce abin da muke gudu a ɗakin awo shi ne ƙura marar awo, ta hanyar da ba tata ba, hanci da ido, kullum, ga mai lafiya. Ƙwaya kuwa miligiram biyar ce da likita ya auna wa mai buƙata. Ta ce bushewar baki gaskiya ce, kuma ga dattijo akan duba ido da yanayin tunani, saboda haka kada ya koma sha da kansa, ya je wurin likitansa a sake dubawa.

Da zan fita ta ce in gaishe mata da wawan.

Lahadi, 23 ga Maris

Wajen cin abinci na nemi izinin majalisar gidanmu domin janye wani ɓangare na jawabina na baya. Auta ta ce a janye duka. Na ce wani lissafi ne ya gagare mu a wurin aiki, har da masu digiri: ganga mai kilo ashirin da biyar, in kowace ƙwaya miligiram biyar ce, ƙwaya nawa ke ciki? Baba bai ko ajiye cokali ba.

“Miliyan biyar.”

Na ce to ashe ni da miliyan biyar nake kokawa a lokaci guda, shi ya sa ake naɗe ni kamar buhu. Mai shan guda ɗaya bisa umarnin likita ba abokin shari'ata ba ne. Na ƙara da cewa ƙoƙon kan nan ma ƙari ne daga mai fassara, kuma maganar famfo maganar banza ce daga bakin marar tarbiyya. Umma ta ce yau kuma wa ya rasu?

Baba ya dube ni, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya samo amsa ta doguwar hanya. Ya ce lissafin da ma ba wuya gare shi.

Talata, 25 ga Maris

Baba ya tafi asibiti, wai a duba masa gilashi. Ya dawo da gilashinsa na da, da wata ƙaramar leda da ban gani ba.

Asabar, 29 ga Maris

Na ziyarci zauren taron jami'a a matsayin mai sha'awar gine-gine. Layi na tara, kujerar bakin hanya, taku talatin da ɗaya zuwa ƙofa ta hagu, wato ta banɗaki. Na roƙi mai gadin zauren ya riƙe mana ita. Da na dawo na iske buta a wuta, Baba yana tambayar Auta ko rigarsa mai ruwan toka za ta dace da hoto.

Asabar, 5 ga Afrilu

Baba ya zauna awa biyu da kwata bai motsa ba. Da na ga ya fara gyara zama, sai na raɗa masa cewa ni fa na matsu, kuma ban san hanya ba, ko zai raka ni. Ya ce yaran yanzu ba ku da juriya. Muka je, muka dawo, saura mutum huɗu a kira Auta. Da aka kira ta ya miƙe tsaye yana tafi, har na bayanmu suka ce a zauna. Bai zauna ba.

A hanyar dawowa daga ƙofa ta hagu ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, taku talatin da uku ne, ƙafata ta fi tasa tsawo.

Jibi aiki. Dogo ya ce ɗakin awo ya yi shiru kwanan nan, ya tambaya ko idon ne har yanzu. Na ce masa takunkumin ne, sun canja masa igiya, ba ya zamewa.