Jenő na Ranar Litinin

Litinin, 9 ga Satumba

Sabbin ɗalibai sun iso. Zango ɗaya za su yi a nan Szeged, su koyi harshenmu da tarihi da ɗan abin da ya shafi kasuwanci, su koma ƙasashensu kafin Kirsimeti. Gaisuwa kawai na rubuta a allo, idanunsu suka raina fata.

Na yi abin da na ce ba zan yi ba. Shekara da shekaru da labarin mijina nake buɗe ajin Litinin: Jenő ya ƙona miya, Jenő ya yi faɗa da rediyo. Da haka kunnensu ke sabawa da harshen. Bana na shirya wani darasi daban. Amma ina buɗe baki sai na ji kaina ina cewa mijina tsohon direban bas ne, jiya ya je kogi, ya dawo da mura maimakon kifi. Waɗanda suka gane suka yi dariya.

A watan Yuni muka binne shi. Ba wanda ya sani a cikinsu.

Laraba, 25 ga Satumba

Akwai wani dogo daga Brazil, Tadeu, kansa ba ya riƙe komai sai labarin Jenő. Ya ce idan ya tsufa haka yake so ya zama. Nergis kuwa, 'yar Turkiyya mai zama a gaba, ta tare ni a ƙofa ta tambayi jikin maigida. Na ce da sauƙi, murar ta sake shi.

Na fito ina jin daɗi. Abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yaya Jolán ta zo. Yayar Jenő ce, ita ta goye shi suna yara, shi ya sa take ganin ta fi ni iko da shi, a raye da a mace. Tun daga bakin ƙofa ta fara. Takalmansa na roba me suke yi a nan, sandunan kamun kifin wa nake ajiye wa. Ta ce, "Piri, ke ko ranar binnewa ba ki zubar da hawaye ba. Mutane sun gani fa."

Na zuba mata shayi. Ita komai sai ta yi masa kuka, ko cokalinsa ta gani. Ni ban iya ba, kuma ba zan koya don mutane su gani ba.

Da ta tafi na zauna na shirya na gobe.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Tsofaffin labaran sun ƙare, yanzu sababbi nake ƙirƙira. Gyaɗar maƙwabci, irin tamu mai taurin ɓawo da ke fitowa a bishiya, ta zubo cikin gidanmu, sai na ce Jenő ya tsince ta tas, ya ce duk abin da ya tsallako katanga ya zama baƙonsa. Da yana nan haka zai ce, har muryar ina ji.

Abokan aiki sun sani, su suka aiko da furanni. Idan na wuce sai su sassauta murya, kamar ni ce mara lafiya. A gida ya mutu, a ofis ya mutu, a wurin mai burodi ya mutu. A ajin nan ne kawai yake tashi da safe ya ɓata wa mutane rai. Haƙƙin wa na ci?

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ranar kunna wa matattu kyandir. Mun je makabarta da Yaya Jolán, ko'ina ƙamshin kakin zuma da furanni. Ta yi ta yi masa hira a kan dutse, ni ina cire ciyawa. Ba ni da abin da zan ce wa dutse.

Talata, 12 ga Nuwamba

Darasin al'ada: yadda kowane suna yake da ranarsa a kalanda. Na ce musu a wurin tsofaffinmu ta fi ranar haihuwa, don ba a gayyatar kowa. Mai ƙaunarka ya san ranarka, zai zo da kansa, ka kuma tanadi abin da zai ci. Suka yi ta neman sunayensu a kalandar bango suna surutu. Kaina yana ciwo, na tashe su da wuri.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau ranar masu suna Jenő. Na yi aji da safe, na ce musu Jenő ya sayi sabuwar hula mai muni. Da la'asar Yaya Jolán ta zo da pogácsa mai zafi, ƙananan burodin nan masu gishiri, ta ce ko ba ya nan ranarsa ce. Ta ɗora hotonsa a tebur, mai baƙin ƙyalle a gefe, ta kunna kyandir. Sai aka buga ƙararrawa. Ita ta buɗe.

Ajina ne, kusan dukkansu, sun cika farfajiya suna rawar sanyi. Ni na koya musu hanyar gidan da bakina, ranar da muka yi darasin kwatance. Ni na ce musu ba a jiran gayyata. Tadeu yana gaba da kwalbar ruwan inabi da wani ɗan akwati, ya ɗaga murya da abin da ya haddace: "Allah ya ja kwanan Baba Jenő!"

Yaya Jolán ta juyo ta dube ni. Na ɗauka za ta tsige ni a gabansu, kuma da ta yi ba zan ce komai ba. Sai ta ce su shigo, za su daskare.

Nergis ce ta fara ganin hoton. Na ga ta tsaya cak, ta rufe baki da hannu. Tadeu kuwa ya juya wa teburin baya, yana ta leƙe yana neman mai gida. Yaya Jolán ta miƙa masa faranti, ta tambaye shi a hankali a ina ya san ƙanenta. Shi kuma ya hau ba ta labarin gyaɗar maƙwabci da guntun harshensa, yana kwaikwayon yadda ake tsinta.

"Yaushe ya yi haka?"

"Watan jiya."

Ta yi dariya, dariyar ta karye mata a wuya. "Shi ne kuwa. Ɗan banza, tun yana yaro haka yake. Sai kuma me ya yi?"

Wasu suka ba ta na hular, wasu na murar, waɗanda ba su lura ba. Tana ta sharar ido tana cewa sai kuma me. Damina da kakar da bai gani ba, duk ta karɓe su daga bakin baƙi. Ni ina tsaye jikin murhu, na ga idan na ƙara minti ɗaya ba zan faɗa ba har abada.

Na faɗa da ƙananan jimloli irin na aji, don kowa ya gane. "Jenő ba ya nan. Ya mutu a watan Yuni. Labaran bana ni na ƙirƙira. Ku yi haƙuri."

Ba wanda ya ce in maimaita.

Tadeu ya ajiye akwatin a gaban hoton, ƙugiyoyin kamun kifi ne. Ƙaton yaro, yana kuka yana ba ni haƙuri, shi da aka yi wa ƙarya. Nergis ta riƙe hannuna ta ce, "Malama Piroska," ta nemi sauran kalmomin ta rasa. Ban koya musu gaisuwar mutuwa ba. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, suna sassauta murya.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ban je ba. Na ce musu mura.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na je. Sun goge mini allo, sun zauna tsaf, ba mai dariya. Yara masu kirki. Na tsani wannan kirkin.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ban shirya komai na gobe ba. Kasuwa za mu yi, farashin albasa da jan barkono.

Yaya Jolán ta bugo bayan coci. Ta yi ta zagaye, ƙafarta, limaminsu, tsadar itace. Ba ta tayar da maganar Litinin ba, ban san ta da kawaici haka ba. Har za mu yi sallama sai ta ce da wata murya ƙarama, "Piri, wannan satin fa? Me ya yi?"

Na so in ba ta. Na rufe ido na neme shi, a kogi, a kicin, a bakin katanga. Da ko ban kira ba yake zuwa.

Na ce, "Bai yi komai ba, Yaya."

Ba ta ajiye wayar ba, ni ma ban ajiye ba. Can ta ce in sa hankici, tana jina ina jan hanci. Na ce mata mura ce.