Inna Ta Ce Ka Shigo

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Sau uku ina kiranka ba ka ɗauka ba. Na san halinka, da ka ga lambar gida sai ka kife wayar. To ga takarda, ita ba ta da ƙarar da za ka kashe.

Inna ba lafiya. Sati biyu ke nan ta faɗi a bakin famfo tana wanke kofuna, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mun dawo da ita daga asibiti, mun sa gadonta a ɗakin da ke daf da ƙofar shigowa. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce duk mai son ganinta kada ya yi jinkiri.

Na san abin da za ka ce. Ina tsaye a wurin ranar da ka dawo daga kotu, bayan ka rantse cewa Auta ne ke tuƙi sa'ad da motar ta buge mutumin nan. Ina ji Inna ta ce, "In ka sake tsallake ƙofar nan, ban yafe maka ba." Shekara huɗu ke nan. Auta na gidan yari, kai kana wani gari, ni kaɗai ke juya ta a gado, da safe kuma in tafi makaranta in koyar. Na gaji, Yaya, kuma tsoro nake ji.

To saurara. Jiya na zauna kusa da ita na ce, "Inna, Yaya na son zuwa." Sai ta ce, "Shigo." Da bakinta ta faɗa, da kunnena na ji. Ta janye maganarta, ka taho.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki.

Na karanta takardarki a ofis, a kan teburin taswira, sai da na fita waje don kada abokan aiki su ga fuskata. Kina ganin taurin kai ne ya hana ni zuwa. Ba shi ba ne. Ni na san abin da baki ke iya yi. Ban taɓa Auta da ko ɗan yatsa ba, jimla ɗaya na faɗa a gaban alƙali, ita ta rufe shi shekara shida. Gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka sake rantsar da ni ita zan maimaita, amma ban taɓa yin barci mai daɗi ba tun ranar. Haka maganar Inna take. Ƙofar nan ba ta da kwaɗo, amma sau biyu ina zuwa har bakin layinmu, in tsaya wurin mai gyaran takalmi in hango labulen tagarta, in juya.

Yanzu da ta buɗe da bakinta, na nemi hutu, ina tafe ranar Litinin. Na rubuta wa Kawu ya kasance a wurin. A gabansa aka rufe mini ƙofar, ina so a buɗe ta a gabansa.

Ki gaishe ta. Ki ce mata na ji, na gode.

Yayanki

*

Ɗana mai awon fili,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da ta iya zama da mutumin da ko murmushi sai ya auna. Saƙonka ya iso, kuma ya hana ni sakat, don ni tsoho ne, ba na son in mutu da ƙarya a aljihu.

'Yar'uwata ba ta magana. Ciwon ya kwashe mata kalmomi kaf, ya bar mata guda ɗaya. Da ta ji an yi sallama ko an ƙwanƙwasa, sai ta ce "shigo". Ta ce wa mai kawo ruwa shigo. Ta ce wa ma'aikaciyar jinya shigo. Shekaranjiya maƙwabci yana buga ƙusa a bangonsa, ta yi ta ba shi izini har ya gama rataye madubinsa. Na yi dariya, daga baya na shiga banɗaki na yi kuka. Likita ya ce kalmar da baki ya saba da ita ce, takan fito da kanta.

Ranar nan da ƙanwarka ta ba ka labarinta, ina zaune a kujerar roba ina ɓare lemo. Ta ambaci sunanka, uwarku ta zuba wa bango ido ba ta ce komai ba. Sai yarinyar ta sa hannu ta ƙwanƙwasa katakon gadon. Abin da ya faru ke nan.

Kada ka ga laifinta, ta rame kamar ita ce majinyaciyar. In ka tambaye ni, ka zo ka shiga abinka, ni na ɗauki alhakin. Amma na san ba bakina ya ɗaure ka ba, kuma na san irin kan da ka gado.

Na faɗa wa ƙanwarka zan rubuto maka. Tun jiya ba ta ba ni shayi ba.

Kawunka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko za ka amsa ba.

E, na ƙwanƙwasa gadon. Kuma ban yi nadama ba. Ka ce sai ta faɗa da bakinta, to ta faɗa. Ranar da ta kore ka ma, kana tsammanin tana cikin hayyacinta? An tafi da ɗanta a bayan mota, ko mayafinta ba ta san inda ya faɗi ba. Waccan ka karɓa hannu biyu ka riƙe shekara huɗu, wannan kuma za ka ce ba ta cika sharaɗi ba. Wa ya naɗa ka alƙalin abin da ke zuciyarta?

Ni ce nake gyara mata akwati. Rigarka ta makaranta na ciki, a ninke, ƙarƙashin zannuwanta. Wannan ba magana ba ce a wurinka, na sani, tunda ba a gaban shaidu aka ninke ta ba.

Abinci ya fara gagararta. In ka bari ta tafi kana tsaye wurin mai gyaran takalmi, akwai maganar da ke bakina, ina riƙe ta da ƙyar. Kada ka sa in faɗe ta, don na ga abin da irinta ke yi wa gida.

Ƙanwarka, duk da haka

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Na zo da safe kina makaranta, na bar wannan a hannun Kawu.

Na tsaya a bakin ƙofa, ina hango ƙafafunta cikin bargo. Na yi sallama. Na riga na yanke cewa in ta ce shigo zan shiga, saboda ke.

Ba ta ce komai ba. Na sake, ta yi shiru. Kawu ya ce wataƙila barci take, ya ƙwanƙwasa ƙyaure da sandarsa, nan take ta ce, "Shigo." Na yi sallama ta uku. Sai ta juyo da kanta a hankali, ta dube ni, ta datse leɓɓanta har haɓarta na rawa. Kalmar na son fitowa, ita ce ta hana ta.

Ta gane ni. Tana nan da hankalinta, kuma ba ta janye ba. Ban san ko murna na yi ko me ba, na dai zauna a kan dakali na daɗe.

Na kama ɗaki a saman shagon mai gyaran takalmi. Wanki, magani, kai ta asibiti, duk abin da ake yi daga waje nawa ne daga yau. Kullum da safe zan zo in yi sallama. Ranar da ta amsa, na san da ni take.

Ki bar mini kujerar robar nan a waje.

Yayanki