Kwandon Sharar Malam

Litinin, 3 ga Maris

Kwamfutar nan za ta kashe ni. Minti goma sha ɗaya kafin ta buɗe. Na dafa shayi, na shanye, tana nan tana nishi. Ga shugabar makaranta na jiran in buga tambayoyin jarrabawar 'yan aji shida. Na gaji.

Laraba, 5 ga Maris

Na sake kunna manhajar share-share da Autanmu ya sa mini bara. Ta ce kwamfutar ta cika maƙil, kuma fiye da rabin kayan a kwandon shara suke. Kamar kullum na cire alamar da ke kan kwandon, na bar ta ta kwashe sauran tarkacen. Aikin banza, babu abin da ya ragu.

Ba wanda ya san dalili sai ni. Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, a kwandon sharar kwamfutar nan yake ajiye duk abin da yake ji da shi, wai nan kaɗai 'ya'yansa ba sa leƙawa. Na yi faɗa har bakina ya gaji. "Malam, wa ke ajiya a bola?" Sai ya ce, "Wanda ya san halin ɓarayin gidansa."

Wata tara da rasuwarsa ban buɗe kwandon ba. Ba na iyawa.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ya zo da matarsa duba ni. Ina kicin ina yanka albasa ya ɗaga murya daga falo: "Yaya, zo ki ga aiki! Na kwashe miki sharar shekara da shekaru."

Da ya ga fuskata sai dariyar ta mutu. Na gaya masa. Ya dafe kai, mutum da furfurarsa, yana ta "Yaya, don Allah me ya hana ki faɗa mini?" Kunya nake ji a yi wa mijina dariya. Ba laifin Auta ba ne, gyara ya zo yi. Duk da haka ban raka su ƙofa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ya ce kada in kunna kwamfutar, sabon abu zai iya danne na Malam. Da biro nake rubuta tambayoyin.

Talata, 11 ga Maris

Daga wurin aiki ya biyo da wata manhajar, mai tono abin da aka goge. Awa uku muna zaune muna jira. Fayil ɗari huɗu da 'yan kai suka fito, yawancinsu sun ƙi buɗewa. Abin da ya tsira: jerin magungunan Malam, hoton ƙafarsa da ya ɗauka bisa kuskure, sai murya guda, daƙiƙa ashirin, ranar da ya sayo makirufo.

"Ɗaya, biyu. Ana ji na? Ana ji na?"

Sai muryata daga kicin: "Har titi ana jin ka, Malam!" Sai dariyarsa. Shi ke nan.

Auta ya sulale baranda. Na yi kuka sosai. Abin da ya fi ci mini rai, wata tara komai yana nan gabana, ni ce na ƙi saurare.

Asabar, 15 ga Maris

Yanzu kwamfutar na buɗewa tun ruwan shayi bai tafasa ba. Haushi ma take ba ni, amma na gama tambayoyin kafin azahar. Muryar na cikin filashi biyu, ɗaya wurin Auta, kuma na ajiye ta a tsakiyar allo inda zan gan ta. Sau huɗu na ji yau.

Manhajar ta tambayi ko ta share kwando. Na leƙa, tarkacena ne kawai, na bar ta.

Kujerar da ke gaban kwamfutar kuma na sauke ta kaɗan. Malam dogo ne, wata tara ƙafafuna na lilo. Bayana ke ciwo, ba wani abu ba.