Gudumar da Na Ɗora wa Zoben Yaya Mairo

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yaya Mairo ta zo shago da zobenta a ƙulle a bakin zane. Wanda mijinta, wana marigayi Yaya Dabo, ya kawo mata daga Saliyo, lokacin da ya dawo ba ko jaka, gari na yi masa dariya. Ya ce mata daimon ne, wato lu'ulu'u, ita kuwa ta tsaya a kan haka har ya rasu. Yanzu tana son ba 'yarta Zuhra ranar aurenta, sai wata maƙwabciya ta ce mata kwalba ce. Ta ce, "Mijina ƙarami, kai ne mai duwatsu, duba mini." Na ce ta bari sai Laraba, zan zo har gidanta a Akurba. Ni dutsen tomalin da ake haƙa a wajenmu na sani, ban taɓa riƙe daimon ba. Amma ina zan faɗi haka?

Laraba, 8 ga Mayu

Na yi abin. A tsakar gida, gaban Zuhra da maƙwabta. Na ɓanɓare dutsen daga zoben, na ɗora a kan turmi kife, ina ta cika baki: daimon na gaske guduma ba ta cin sa, haka muke ji a bakin ramin haƙar duwatsu tun muna yara. Bugu ɗaya, ya rabe biyu. Na ce, "Kun gani? Kwalba ce." Har da dariyata, Allah Ya yafe mini.

Yaya Mairo ta miƙe. Ta ɗauki babban ɓarin ta shige ɗaki. Ƙaramin na jefa aljihu.

Alhamis, 9 ga Mayu

Zuhra ta ce uwarta ta sauke hoton Yaya Dabo daga bango.

Talata, 14 ga Mayu

Tersugh ya sauka Lafiya, ɗan ƙabilar Tibin nan da ke tantance wa masu saye duwatsu a Abuja. Don a yi raha na miƙa masa ɓarin. Ya sa ɗan gilashinsa a ido, ya daɗe. Ya ɗora masa wata na'ura mai kama da biro, ta yi ƙara, alamar daimon ne na gaske. Ya ce, "Oga Nababa, wane mahaukaci ya buga wannan?" Na ce wani ne a ƙauye.

Ya zauna yana koya mini kamar ɗan firamare. Wai abu huɗu ake dubawa: nauyi, da haskensa ko fari ne tas ko ya ja rawaya, da tsabtar cikinsa, da kyawun yanka. Ya ba ni gilashin. Wallahi kamar ruwan randa, sai wani ɗan ɗigo can gefe. Ya ce ba abin da ke kankare daimon, amma yana da jijiya kamar itace, in ka dace da ita sai ya tsage. Ya ce da yana ɗaya, dutse ne mai kyau ƙwarai, rabewar ta kashe yawancin darajarsa.

Na ce masa cikina ke ciwo, na rufe shago.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na je har ƙofar gidan Yaya Mairo, na juya da babur. In na yi shiru wa zai sani? Tersugh ya koma Abuja. Amma a masallaci sai fuskar Yaya Dabo nake gani. Shi ya goya ni zuwa Awe a keke sanda na karye, yau ni na mayar da shi maƙaryaci a gidansa, yana kabari ba bakin magana. Kunya kamar ta kashe ni.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na faɗa mata. A tsaye, ban iya zama ba. Na ce ta kawo babban ɓarin, Tersugh ya ce ana iya sake yanka shi, ko yaya ne a samu wani abu.

Ta ce, "Wane ɓari? Tun ranar na jefa shi a masai."

Na zauna a ƙasa. Ina jiran zagi, ko tsinuwa, na cancanta. Sai ta ce, "Nababa, sake faɗi. Na gaske ne?" Na ce na gaske ne, Yaya. Ta ƙwala wa Zuhra kira, ta aika a kira maƙwabciyar, ta sa na maimaita a gabansu, da guduma da jijiya da komai. Tana dariya hawaye na zuba, tana cewa, "Ashe bai yi mini ƙarya ba."

Ko sau ɗaya ba ta tambayi nawa zai yi ba. Ba ta kuma ce mini mijina ƙarami ba.

Laraba, 29 ga Mayu

Wani Bafulatani ya kawo farin dutse, ya tsinta wajen kiwo. Na jujjuya shi, bakina har ya buɗe. Na ce masa ban sani ba, ya jira Tersugh. Ya dube ni kamar ba ni ba.

Na kai ƙaramin ɓarin wurin maƙerin zinariya ya mayar a zoben, ya ce zai zauna amma a karkace. Da na je kai mata, hoton Yaya Dabo ya koma bango. Ni na riƙe mata kujera ta gyara masa zama.