Layuka Bakwai na Baba Serikbai

Zuwa ga Yayana Reinhold,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Lidiya da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, Mama ma ta warware, har ta koma yi wa kowa faɗa. An gama tsinkar inabi lafiya, yanzu muna kwantar da kurangun inabin muna binne su a ƙasa kafin ƙanƙara ta sauko.

Yaya, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Ka san layukan inabi bakwai na gefen tudu, masu tsakuwa, inda ruwan dutse ke bi, waɗanda ke ba mu jan ruwan inabin nan mai ƙamshin busassun 'ya'yan itacen ceri da muke sa wa sunan Babanmu a kwalba. Tun muna yara ake gaya mana cewa shekarar da gwamnati ta ce a tumɓuke inabi, Babanmu ne ya bar su binne har masu bincike suka wuce. Ka kuma san kuranga ba ta kwanciya sai ta ɓangaren da aka saba mata. Duk na gonarmu dutse suke fuskanta, bakwai ɗin nan kaɗai ke kallon kogi. Shekara arba'in ina gani, ban taɓa tambaya ba!

Ranar Talata sabon ma'aikacinmu ya kama kuranga ɗaya a layukan nan zai tanƙwara ta wajen dutse. Sai ga maƙwabcinmu Baba Serikbai da sandarsa, yana ihu wai kai ɗan nan, so kake ka karya ta? Ya ce shi bahago ne, da hagu ya kwantar da su, haka kuma za su kwanta har su mutu. Na yi dariya na ce ai Babanmu ne ya binne su. Tsohon ya ce shi ne shugaban ma'aikatan gonar a lokacin, shi ya ɓoye su, da aka gano aka kore shi. Babanmu yana wurin, bai ce uffan ba, kuma shi aka ba kujerar.

Na ruga wajen Mama ina jiran ta ce tsufa ne ke damunsa. Ko ɗago kai ba ta yi daga kwaɓin da take yi ba. Ta ce to don me nake tsammani take aika masa kwalbar farko kowace shekara, mutumin da ko ɗanɗana giya ba ya yi? Jiya Baba Serikbai ya buɗe mini ɗakin ajiyarsa. Kwalaben suna nan jere, Yaya, ko ɗaya ba a buɗe ba, kowace da sunan Babanmu a jikinta. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Na dakatar da mai buga takardun kwalba. Ni dai na san sunan da zan sa bana, na Baba Serikbai ne, amma uban namu ne mu biyu, shi ya sa nake jiran amsarka. Kada ka daɗe, tsohon ya haura tamanin.

Ka gaida Lidiya da Artur da Nelli. Mama tana gaishe ku, Baba Serikbai ma ya ce in gaishe ka.

Ƙanwarka,
Irma