A Dawo Mini da Guntun Ƙashina

Zuwa ga Babban Likitan asibitinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ni ne tsohon nan na Gagarawa mai ƙari a gwiwar dama, wanda ke gyara wa ma'aikatanka rubutu a jikin kati.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Sallah ƙaramin likitanka ya yanki guntun ƙashina da guringuntsi, ya jefa a kwalba, ya ce za a kai birni a gwada. Ya yi mini bayani mai daɗi. Wai a cikin kowace ƙwayar halitta ta ƙashi akwai wani sinadari da Allah Ya ajiye mai gadi, shi ke hana ta hayayyafa barkatai. Nawa ya daina aiki, shi ne ƙarin ya tsiro. Na gane sarai, don shekara talatin na yi ina gadin gandun daji wajen Maigatari, na san abin da awaki ke yi ranar da na yi gyangyaɗi.

Na biyu. Yau wata biyar. Zuwana shida, a bayan babur ɗin maƙwabcina Malam Bitrus, ina rungume da shi kamar amarya. Wani ya ce kwalbar tana Kano, wani ya ce tun da aka ba mu jiharmu, Dutse ake kaiwa. Ashe ƙashina ya fi ni yawon duniya.

Na uku, kuma a nan ba na wasa. An ce sai sakamakon ya zo za a san ko a cire ƙarin kaɗai ko a yanke ƙafar. Shi ƙarin bai tsaya jiran takarda ba. Da kamar goriba yake, yanzu ya kai ƙwarya. Matata ta rasu, ba ni da mai miƙo mini buta in ƙafar ta tafi.

Roƙona biyu ne. A nemo sakamakon. Sannan a dawo mini da guntun, aro na ba ku, kuma ina so a binne ni cikakke.

In kwalbar ta iso ta tarar na riga na tafi, Bitrus zai nuna muku wurin. A tona ta wajen ƙafar dama a saka. Sakamakon kuma a karanta mini da ƙarfi, a can ba ni da gaggawa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa masu gadin ƙashinka su fi na ɗakin gwajinku farkawa.

Wassalam.

Tsohon mai gadin daji,
Gagarawa.