Dangar da Na Yi da Karan Hadizatu

Hajiya Rukayatu, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce tsufa ne ke damuna ba.

Ni dattijo ne a unguwar Lewisham da ke Landan. Ni da matata Hadizatu muna da ɗan lambu da muka karɓa daga ƙaramar hukuma. Ni alayyafo da kabewa na sani. Ita ce ta dasa rasberi layi biyu, ɗan itacen Turawan nan mai fitowa a kara da jajayen 'ya'ya, wai tunda jikokinmu ba su san goruba ba, a ba su abin da suka sani. Bara waccan Allah ya yi mata rasuwa. Yara sun yi sadaka da kayanta, gidan ma an sake masa fenti. Abin da ta bari mai rai a hannuna, layi biyun nan ne kawai.

Bara na ga kawunan karan suna lanƙwashewa suna yin baƙi. Na ɗauka ƙishirwa ce, na yi ta ban ruwa. Daga baya na lura da zobe biyu ƙasa da inda ya bushe, kamar an zagaya da reza. Na sare duk wanda ya kamu. To ni ɗan manomi ne, a gidanmu ba a zubar da kara. Kuma gaskiya, waɗannan su ne na ƙarshe da ta ɗaure da hannunta, da ƙyallen tsohon zanenta. Sai na yi 'yar danga da su tsakanin lambuna da na maƙwabciyata Jane, har ina yaba wa kaina.

Bana rabin shukar ta mutu. Na tsaga kara ɗaya, na tarar da farar tsutsa ta raraƙe cikinsa. Karan rasberin Jane ma sun fara lanƙwashewa. Matar nan ita ta yi mana ban ruwa wata huɗu muna jinya. Tana ta zargin inda ta sayo dashe, ni kuwa na yi gum, alhali ina zargin dangata ce ta yaɗa tsutsar. Kunya ta ishe ni, kuma hannuna ya ƙi ɗaukar almakashi. Babu wani feshi da zai ceci sauran ba tare da na sare ba? Kuma dole ne in faɗa mata?

Manomin Lewisham

Baba, Allah ya jiƙan Hajiya Hadizatu, ya ba ka haƙuri.

Ba zan ɓoye maka ba, feshi ba ya kai wa tsutsar da ta riga ta shige cikin kara. Yadda ka kwatanta, ƙwaro ne ya yi zoben nan biyu ya saka ƙwai a tsakani, 'yarsa kuma tana ci tana gangarawa zuwa saiwa. Ka yanke kowane kara faɗin tafin hannu ƙasa da zoben. In ka ga rami a bakin yankan, ka ƙara sauka har ka sami mai lafiya. Wanda ramin ya kai gindi, ka tone shi gaba ɗaya. Kada ko guntu ya shiga takin lambu. In dokar wurin ta yarda, a ƙone, in ba ta yarda ba, a ƙulle a leda a kai shara.

Maganar Jane, ƙwaro yana da fiffike, ba lalle dangarka ce kaɗai sila ba. Amma shirunka yana ci mata lokaci, kuma ba haka ake saka wa wadda ta riƙe maka lambu ba. Ka faɗa mata a satin nan, ku yi yankan tare.

Dangar kuwa ba makawa sai an cire ta. Na san ba al'adar gida kaɗai ta sa ka ajiye ta ba. Ka kwance ƙyallayen, ka wanke, ka adana. Karan ka rabu da su. Wataƙila gindi uku ko huɗu ne za su tsira, amma rasberi daga saiwa yake tofowa, kuma saiwar ita ce Hajiya ta dasa. In tausayi ya hana ka sara bana, baɗi ba za ka sami abin da za ka ɗaure da ƙyallen nata ba.

Allah ya ƙarfafa hannunka, ya sa jikoki su sha daga abin da kakarsu ta bari.

Rukayatu